Tsakanin ɗakin inji da fagen Culloden: ɗan Sikotilan a wasannin almarar kimiyya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aberdeen, ina karatun injiniyancin man fetur. Kwanaki muna kallon tsohon Star Trek da wani abokin karatuna ɗan ƙasar nan, da Scotty ya buɗe baki sai ya ja tsaki, ya ce ba a taɓa haihuwar mai magana haka a Sikotilan ba. Ni kuwa a kunnena duk ɗaya ne. Shin yaya ake nuna 'yan Sikotilan a irin waɗannan wasannin talabijin na almarar kimiyya, kuma me ya sa abin yake sosa musu rai?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ruwa ba ya tsami banza, tsakin abokin naka yana da tarihi. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: irin kamannin da ake ba ɗan Sikotilan idan an ɗora shi a kumbo ko an haɗa shi da halittun wata duniya, da kuma dalilin da ya sa mai ƙasar ba ya ganin kansa a cikin kamannin. Na yi shekaru ina koyar da nazarin fim da talabijin, na kuma zauna a Glasgow lokacin karatu, don haka zan amsa maka daga abin da na kalla da abin da na ji a bakin mutanen.

Kafin mu shiga wasannin, riƙe wannan. Sikotilan ƙasa ce mai mutane wajen miliyan biyar da rabi, ta haɗe majalisarta da ta Ingila a 1707, amma ta riƙe tsarin shari'arta da cocinta da makarantunta. Ba ta sake samun majalisar kanta ba sai 1999. Yawancin wasannin da za mu yi magana a kai kuwa a Landan ko a Los Angeles aka rubuta su, daga baya kuma a Cardiff. Mutanen ƙasar sun daɗe suna ganin kansu ta madubin da wani ya riƙe musu.

Tubali biyu da aka buga a 1966

Abin mamaki, a shekara guda aka fitar da siffofi biyun da suka fi daɗewa, wata uku ne kawai tsakaninsu. A watan Satumba 1966 Star Trek ya fara a Amurka da Montgomery Scott, babban injiniyan kumbon Enterprise. A watan Disamba kuma Doctor Who na BBC ya kawo wani labari mai kashi huɗu, The Highlanders, inda aka fara ganin Jamie McCrimmon.

Mu fara da na abokinka. James Doohan, wanda ya fito a matsayin Scotty, ɗan Kanada ne, haifaffen Vancouver. Lokacin gwaji ya yi wa Gene Roddenberry, mai shirin, karin harshe iri-iri, sai shi da kansa ya ba da shawarar a ɗauki na Sikotilan, don a ganinsa injiniyoyin ƙwarai daga can suke fitowa. Ya ce lafazin ya tsince shi ne a bakin wani soja ɗan Aberdeen da suka haɗu zamanin yaƙin duniya na biyu. Ka ga ke nan garin da kake zaune shi ake jingina wa maganar, kuma a wani kashi Scotty da bakinsa yana kiran kansa tsohon mai zagaya mashayun Aberdeen. To fita kasuwa ka saurari dattijon Aberdeen na gaske yana Doric, karin harshensu na arewa maso gabas, ka dawo ka kunna Scotty. Kamar a ɗauko wanda bai taɓa ƙetare Kwara ba ne a ce ya yi Sakkwatanci saboda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da Basakkwace. Ɗan nesa zai ce ai Hausa ce. Ɗan Sakkwato tsaki zai ja.

Sai dai Doohan bai ƙirƙiro injiniyan daga iska ba. James Watt mai gyara injin tururi ɗan Greenock ne. Gab da yaƙin duniya na farko, wajen kashi ɗaya cikin biyar na jiragen ruwan da ake ƙerawa a duniya a bakin kogin Clyde ake ƙera su, kuma a jiragen daular Birtaniya an saba a leƙa ɗakin inji a tarar da ɗan Sikotilan da mai a hannu. Star Trek ya kwashi tsarin jirgin ruwa ne ya kai sama, ya tafi har da injiniyansa. Yabo ne, ba a musu: Scotty ne ke ceton kowa idan inji ya tsaya. Amma duba inda aka ajiye shi. Kyaftin Ba'amurke na sama yana ba da umarni, ɗan Sikotilan na ƙasa yana kukan cewa injin ba zai iya ba, sannan ya sa ya iya. Aka kuma ƙara masa son giya, da zanen mazan nan mai ratsi-ratsi da suke kira kilt a ranar biki. Wannan gurbi na ƙwararren hannun da ke hidima bai mutu ba. A Stargate Atlantis na 2004 likita ne, Carson Beckett. A Stargate Universe na 2009 masanin kimiyya ne, Nicholas Rush, wanda aka ce ubansa ma'aikacin masana'antar jiragen ruwa ne a Glasgow. A Agents of S.H.I.E.L.D. injiniya ne kuma, Leo Fitz. Bambancin dai waɗannan ukun 'yan wasan da aka haifa a Sikotilan ne suka yi su, Beckett ma tutar ƙasar ce a damtsensa, shuɗiya mai farin gicciye, maimakon ta Birtaniya.

Jamie shi ne ɗaya tubalin, kuma a wurina ya fi ban sha'awa. Doctor, jarumin shirin, baƙo daga wata duniya mai yawo tsakanin zamunna, ya same shi ne a 1746, bayan yaƙin Culloden inda sojojin gwamnati suka murƙushe 'yan tawayen Jacobite, masu neman maido da zuri'ar Stuart kan gadon sarauta, a ranar 16 ga Afrilu. Saurayi ne mai busa algaitar salka, da kilt da wuƙa. Labarin bai yi wa jajayen riguna, wato sojojin gwamnati, da daɗi ba, har akwai wani lauya ɗan Ingila da ke shirin sayar da fursunonin yaƙin bayi zuwa tsibiran Karibiyan. Frazer Hines, ɗan Yorkshire a Ingila, shi ya yi Jamie, kuma da farko ba a yi niyyar ya ci gaba ba, sai aka ga ya shiga rai aka sake ɗaukar ƙarshen labarin ya bi Doctor. Ya zauna har 1969. Kashi huɗun nan kuwa duk sun ɓace, suna cikin waɗanda BBC ta goge, murya da hotuna kawai suka rage.

Akwai wurin da nake yawan nuna wa ɗalibai. An kai Jamie wata tasha a duniyar wata, ya ji rauni, yana kwance da zazzaɓi, sai ga wani mutum-inji ya shigo ɗakin jinya. Jamie ya ɗaga kai ya ɗauka fatalwar mai algaita ce, wadda a camfin zuri'arsu take zuwar wa ɗan McCrimmon idan ajali ya matso. Wurin yana da kyau, yana kuma tona asirin yadda marubutan suke kallonsa: shi ne jiya da aka ɗauko aka tsoma cikin gobe, jarumi mai amana, mai saurin zare wuƙa, wanda kullum sai an yi masa bayani. Da zai bar shirin, mutanen Doctor suka goge masa tunanin duk tafiye-tafiyen da ya yi, suka mayar da shi 1746, aka bar shi yana kai wa wani jar riga sara. Shekara uku yana ganin taurari, aka ƙwace, aka maido shi fagen da aka ci ƙasarsa da yaƙi. Ban ce da gangan suka yi ba, amma da wuya a samu hoton da ya fi wannan faɗin matsalar.

Kuma ita wannan suturar tana da nata labarin. Bayan Culloden gwamnati ta hana mutanen tuddai sa ta, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Da aka tabbata hatsarin ya wuce, sai ta zama ado: a 1822 marubuci Walter Scott ya shirya wa Sarki George na Huɗu ziyara Edinburgh, sarkin da kansa ya ɗaura kilt, daga baya Sarauniya Victoria ta mai da Balmoral gidan hutunta. Kayan tsirarun mutanen tuddai masu jin harshen Gaelic suka koma tambarin ƙasa baki ɗaya, alhali mafi yawan jama'a a tsakiyar ƙasar suke, tsakanin Glasgow da Edinburgh, cikin hayaƙin masana'antu. Masu nazarin can suna da suna ga wannan ɗabi'a ta rufe ƙasa da ƙyalle mai ratsi, tartanry, kuma wani littafi da Colin McArthur ya tace a 1982, Scotch Reels, shi ya yi mata tsirara a fagen fim.

Dodo a tafki, mai a teku

Kai da kake karatun mai, nemi Terror of the Zygons na 1975. Wasu halittu masu rikiɗa sun ɓuya a ƙarƙashin tafkin Loch Ness, dodon tafkin ashe dabbarsu ce, suna aika ta tana rusa dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa. Lura da shekarar. A 1975 ne man Tekun Arewa na ɓangaren Birtaniya ya fara isowa tudu, kuma a zaɓen Oktoba 1974 jam'iyyar SNP mai neman 'yancin kai ta ci kujeru 11 da taken cewa man na Sikotilan ne. Ana tsakiyar wannan ƙura shirin ya zo, ya taɓa man, ya kauce wa tambayar ko na wane ne. Abin da ya ba mu shi ne mai masauƙi mai busa algaita da ganin gaibu, da basarake a tsohon gidan dutse, da hazo, da Doctor sanye da hular gargajiyarsu. Aka rufe da barkwancin rowa, ana yi wa wani hafsan soja tsiya cewa bai karɓo kuɗin tikitin jirgin ƙasa ba alhali yana kiran kansa ɗan Sikotilan. Ko ƙafa ba su taka ƙasar ba, a Sussex da ke kudancin Ingila aka ɗauka. Da dodon ya tashi yin ɓarna ta gaske kuma, kogin Thames ya nufa, don a idon shirin hatsari bai zama hatsari ba sai ya iso Landan. Ina son labarin, yana cikin masu kyau na zamaninsa. Son nasa bai hana ni ganin cewa ƙasar shimfiɗa ce kawai a ciki.

Haka The Nightmare Man na 1981, labarin wani tsibirin Sikotilan da aka ɗauka a Cornwall ta Ingila. Star Trek: The Next Generation ma a 1994 ya kai mu wata duniya da aka gina ta kwaikwayon tuddan Sikotilan, aka cika ta da hazo da maƙabarta da fatalwa. Ko a ƙarni na 24 ba a bar su sun fita daga camfi ba. An samu 'yan ƙoƙari daga cikin gida, kamar The Omega Factor da BBC ta Sikotilan ta yi a 1979 a titunan Edinburgh na zamani, da Invasion: Earth na 1998, amma ba su yi tsawon rai ba.

Lokacin da magana ta koma kan harshe

Ga wani gwaji da nake yi a aji. Nakan kunna wuri in kashe murya, in ce wa ɗalibai su nuna mini ɗan Sikotilan. A tsofaffin wasanni nan take suke nunawa, tufafi sun faɗa musu. A sababbi sai su yi shiru. Sannan in rufe allon in bar murya, sai abin ya juye. Tarihin nan gaba ɗaya ƙaura ce daga jiki zuwa baki.

A labarin Doctor yakan sauya jiki da fuska, shi ya sa 'yan wasa da yawa suka yi shi. 'Yan Sikotilan huɗu ne suka riƙe matsayin Doctor a matsayin jarumin shirin, kuma abin da kowannensu ya yi da bakinsa shi ne labarin. Sylvester McCoy, ɗan Dunoon, daga 1987 zuwa 1989, ya bar lafazinsa sama-sama, yana kaɗa harafin "r" son ransa, ba wanda ya ce uffan a cikin labarin. David Tennant, wanda ya tashi a yankin Paisley, ya karɓa a 2005 bayan Christopher Eccleston mai lafazin arewacin Ingila, sai aka sa shi ya yi maganar kudancin Ingila, don mai shirin, Russell T Davies, ba ya so a ce Doctor yana zagaya larduna da baki. Sau ɗaya aka sake masa mara, a Tooth and Claw na 2006, inda suka sauka Sikotilan ta 1879 suka yi kiciɓis da ayarin Sarauniya Victoria. Doctor ya juya harshe don ya saje, ya ce sunansa James McCrimmon. Duba wannan lauje cikin naɗi: ɗan Sikotilan yana wasan baƙon duniya mai bakin Ingila wanda ke kwaikwayon ɗan Sikotilan da muryar da ita ce tasa ta gado. Abokiyar tafiyarsa ta gwada nata kwaikwayon irin na Scotty, ya ce mata don Allah ta bari. Wurin kuma a Wales aka ɗauke shi.

Sauyi na gaske ya zo a 2010, da alƙalami ya koma hannun Steven Moffat, shi ma ɗan Paisley. Ya kawo Amy Pond, wadda Karen Gillan 'yar Inverness ta yi: yarinya 'yar Sikotilan da aka kai wani ƙauyen Ingila, ta girma a can, ta ƙi sakin lafazinta. Ba ta da kilt, ba ta da algaita. Lafazin ya zama alamar taurin kai da baƙunta, har Doctor ya gane da shi cewa ba ta taɓa jin nan ne gida ba, shi ya sa za ta bi shi. A nan ƙasar mutum ta shiga cikin halinsa, ta daina zama rigar da aka ara masa. Moffat bai bar tsokana ba, akwai ta soye-soye da ta yawan mita, amma tsokanar ɗan gida ce, kuma kai ma ka san bambancin wasan taubashi da gorin bare.

Kumbon da ba a nuna mana ba

Kashi na biyu na zamanin Moffat, The Beast Below, ya fito a Afrilu 2010. Rana ta ƙone duniya, al'ummomi sun tsere sama, Birtaniya duka tana kan wani ƙaton kumbo guda. Amy ta tambayi wata yarinya ina ɓangaren Sikotilan yake, yarinyar ta ce babu, su sun ce sai dai a ba su nasu kumbon. Amy ta ce sun kyauta, ashe har yanzu hali na nan. Magana ce ta daƙiƙa kaɗan, an yi ta tun SNP ba ta samu rinjayen 2011 da ya buɗe hanyar ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Birtaniya ba.

Sai 23 ga Agusta 2014, Peter Capaldi ɗan Glasgow ya fito a matsayin Doctor da cikakken bakinsa. Yana tsaye a wani lungu da rigar barci, ya tsinci madubi a bola, yana duba sabuwar fuskarsa a gaban wani tsohon mabaraci da tsoro ya kama. Ya ga girarsa masu kauri, ya ce waɗannan so suke su ɓalle daga fuska su kafa ƙasarsu. Sai ya ji muryar kansa, ya gane ya zama ɗan Sikotilan, ya yi murna cewa yanzu ya samu lasisin ƙorafi. Kwana 26 bayan haka, ranar 18 ga Satumba, aka kaɗa ƙuri'ar, kashi 55 cikin ɗari suka zaɓi zama cikin Birtaniya, 45 suka zaɓi ficewa. Babbar abokiyar gabarsa a shekarun nan, Missy, Michelle Gomez 'yar Ayr ce ta yi ta. Jarumi da muguwa da marubuci duk 'yan ƙasa ɗaya, a shirin da ake ɗauka kamar tutar Birtaniya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wancan kumbon na Sikotilan, kyamara ba ta taɓa zuwa cikinsa ba. Wa ke mulkinsa, da wane harshe ake sanarwa a ciki, me suka ɗauka me suka bari? Almarar kimiyya sana'ar hasashen gobe ce, ga shi an ba ƙasar gobe a cikin barkwanci an wuce. Ko da Rona Munro 'yar Aberdeen ta rubuta The Eaters of Light a 2017, baya ta koma, ƙarni na 2, wurin ƙabilar Pict da rundunar Rum ta tara da ta ɓace. Labarin yana da nauyi, don ya sa wata yarinya ta faɗa wa sojojin daula a fuskarsu abin da suka yi wa mutanenta. Jiya ce dai har yanzu. Outlander kuwa, wanda ya fara a 2014, ya fi kusa da tatsuniyar soyayya, amma ya shigo zancenmu ta wata ƙofa: marubuciyar littafin na 1991, Ba'amurkiya Diana Gabaldon, ta ce ganin Jamie McCrimmon a wani tsohon kashi ne ya sa ta zaɓi Sikotilan ta ƙarni na 18, ta kuma ara wa jaruminta sunan. Hoton da Landan ta zana ya je Amurka ya dawo ya cika tuddai da 'yan yawon buɗe ido. A yaba masa abu biyu: a ƙasar aka ɗauke shi, a Cumbernauld da kewaye, kuma a zangon farko an bar Gaelic ba fassara a ƙasan allo, mai kallo ya ɗanɗani baƙuntar da jarumar ke ji.

Dalilin duk wannan ba ƙiyayya ba ce. Wasa mai minti 45 yana son alamar da ɗan Texas da ɗan Tokyo za su gane a daƙiƙa biyu, kilt da dodon tafki kuwa sun riga sun yi wa kansu talla. Almarar kimiyya kuma tana cin kuɗi, wanda ya zuba kuɗin shi ke zaɓen inda kyamara za ta tsaya. Su ma 'yan ƙasar suna da hannu, don da wannan ƙyallen suke sayar da wuski da ɗakunan otal.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni baƙo ne a wannan gardama. Na zauna da 'yan Glasgow da ke ƙaunar Scotty har zuci, suna cewa a zamanin da babu su a ko'ina shi ne ya kai sunansu sama, kuma garin Linlithgow har alfahari yake cewa a nan za a haife shi a 2222. Na kuma zauna da irin abokinka. Ba hurumina ba ne in raba musu.

Abubuwa uku sun faru a 2023 da ya kamata ku duba tare. Star Trek: Strange New Worlds ya kawo Scotty yana saurayi, Martin Quinn ɗan Paisley ya yi shi, karo na farko cikin shekara 57 da ɗan ƙasar ya riƙe matsayin. A ranar Kirsimeti Ncuti Gatwa, wanda aka haifa a Kigali, iyayensa suka tsere da shi daga kisan kiyashin Ruwanda a 1994 ya tashi a Edinburgh da Dunfermline, ya bayyana a matsayin Doctor yana juyi da kilt a gidan rawa, ba yaƙi ba makoki. Sai The Rig na Amazon, wanda aka ɗauka a Leith da ke Edinburgh, kuma shi na fi so ka fara da shi. Ma'aikata ne a dandamalin mai a Tekun Arewa, hazo ya rufe su, sadarwa ta yanke, wani abu mai daɗaɗɗen rai ya motsa a ƙarƙashin teku. Hazon na nan kamar a 1975, sai dai mutanen da ke cikinsa zancen albashi suke yi, da jita-jitar rufe dandamalin, da abin da zai samu garuruwansu in mai ya ƙare. Ku kalli kashi na farko, ka tambayi abokin naka cikin ma'aikatan wa ke magana irin ta unguwarsu.